Ranar da Na Sauya wa Gwangwanaye Wuri

Tun da yaran nan suka cire ƙofofin katakon kantinmu suka sa na gilashi, ban ƙara shiga da Bismilla ɗaya ba, sai na yi biyu. Ta farko don albarka, ta biyu don kada na buga goshi. Wai yanzu ci gaba ya zo. Mutum ya shigo ba sallama, ya ɗauki kwando, ya bi layi-layi yana zaɓar abin da ransa ke so, ya kai wa wata yarinya ta haska masa wata 'yar na'ura ta yi ƙara, ya fice. Ba wanda ya tambaye shi mutan gida, ba wanda ya ce masa ya ruwa ya gona. Ni dai an bar mini kusurwa ɗaya can ciki, da tsohuwar kantata ta katako da gwangwanayena, inda tsofaffin abokan ciniki ke zuwa na ƙunsa musu kanwa da alimun da farar wuta da sodar sabulu. Mutane na cewa tsoho ya ƙi hutawa. Ba ƙin hutu ba ne. Tsoro ne, kuma gara na faɗe shi tun da sauran bakina: ina tsoron ranar da zan gaza, gidan nan kaf a rasa mai iya duban idona ya gaya mini. Na san yadda irin wannan shirun yake ƙarewa, don na taɓa yin sa da bakina.

Kantin nan ba daga sama ya faɗo ba. Kakanmu da jaki ya fara, yana bin kasuwanni da allura da zare da madubi da turare, yau Roni, gobe Gwiwa, jibi ya nausa Ɓaɓura. Babanmu, wanda duk Kazaure ke ce wa Alhaji mai kanti, shi ya ɗaure jakin ya kafa tebur, tebur ya zama rumfa, rumfa ta zama shago mai rufin kwano. Kafin na yi wayo shagon ya haɗiye na maƙwabta har ya zama ƙofa biyar a jere, ciki kuma duk a haɗe. Ƙofar farko yadi ne, atamfa da shadda da alawayyo. Ta biyu kwanuka, samira da langa da fanteka, inda iyayen amare ke wuni suna ƙwanƙwasa kwano da farce suna sauraron ƙararsa. Ta uku kayan masarufi, ta huɗu kayan keke da fitilu, ta biyar kayan noma. Akan ce in ka shiga kantin Alhaji da amarya da gona da mamaci, duk za ka fito da abin da kowannensu ke bukata. Har mutanen ƙetaren iyaka kan zo da sefarsu a ƙulle a bakin rawani, Baba ya karɓa ba musu.

Abin da na fi tunawa sauti ne. Da hantsi sai ka ji an zare sandunan ƙarfe daga ƙofofi, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kiran sallar kasuwa. Sai kukan yadi in an tsaga shi, sai ƙarar sikeli, sai kananzir yana gurgur cikin mazurari, ga dattawan da ke zama a bencin ƙofa ta uku suna gardamar damina kamar su ke riƙe da ita. Wari kuwa, in ka rufe ido za ka san ƙofar da kake: sitacin yadi, robar taya, sabulun wanki. Aikina na farko shara ne da yayyafa ruwa, sai na samu ƙarin girma zuwa yanka tsofaffin jaridu murabba'i-murabba'i don ƙunshi, don a lokacin ba leda. Komai a buɗe ake sayar da shi, a ɗebo da cokali daga gwangwani, a naɗe a takarda, a murɗe baki. Baba kan ce, yana kallon sama ba yana kallona ba, "Ɗan kasuwa hannunsa ne shaidarsa. Abin da ka ƙunsa wa mutum, kai ka ci da shi."

Na ce yana kallon sama, to bari na warware, don yaran yanzu ba za su gane ba. Ni ne ɗan fari, gidanmu kuwa gidan alkunya ne na gaske. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa fuskantata ya yi mini magana kai tsaye ba, ni ma ban isa na fara masa ba. Ina iya tsayawa kusa da shi har ina jin numfashinsa, sai ya waiwaya wajen wani ya ce, "A ce da wancan ya kawo sikeli." Ƙannena kuwa har gemunsa suke ja. Kada wani ya ce ƙiyayya ce, wallahi ba ita ba ce; in na yi zazzaɓi shi ne ba ya iya cin tuwo. Haka aka yi masa, haka ya yi mini, muna ganin ado ne. Wanda ke ɗaukar magana tsakaninmu a kanti shi ne Malam Yohanna, wani Kirista mutumin kudancin Zariya da ya zo garin nan da ƙuruciyarsa ya tsufa a bayan kantar Baba. Shi ke kula da ƙofa ta uku. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, kuma shi kaɗai ke iya ce wa Baba, "Maigida, wannan fa ba daidai ba ne," ya kwana lafiya. Yakan tsokane mu ya ce, "Ni dai ranar da na mutu, kantin nan ya zama na kurame."

Shekarar da abin ya faru na riga na yi aure, har da ɗa ɗaya. Na ɗan taɓa boko, kaina cike da dabara, ina ganin tsarin Baba duk na da ne. Abu ɗaya ke ba ni haushi: a kantin nan ba a matsar da komai. Gwangwanin da ka samu a wuri, nan za ka mayar da shi, ko da faɗin yatsa bai yarda ya goce ba. In wani ya kuskure, Baba ya dinga faɗa ke nan har azahar. Ni ina ɗauka rigimar tsufa ce. Ina kallonsa yana miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba ya ɗauko daidai abin da aka tambaya, ina cewa a raina, kai, tsohon nan akwai gwaninta. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa ba ya waiwayawa ba. Ta yaya zan sani? Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ina zan ga abin da ya sami idon?

Tsakiyar damina ne. Ranar wata Lahadi aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rufin ƙofa ta biyar ya fara yoyo daidai kan kayan noma. Baba ya tafi jana'iza, Malam Yohanna yana coci, ni kaɗai ne babba. Na kwashe abin da ruwa zai ɓata na kai inda ke bushe. Cikin kayan akwai wani babban gwangwani na hodar rumbu, farar hodar nan da ake barbaɗa wa wake da dawa don kada ƙwari su ci, guba ce ta gaske. Na duba ban ga wuri ba sai a katakon jera kaya na bayan kujerar Baba, a ƙofa ta uku. Sai na ɗaga gwangwanin hodar fanke, wadda mata ke sa wa fanke da cincin su tashi, na mayar da shi sama, na zaunar da na guba a gurbinsa. Girmansu ɗaya, amma na guba yana da jan tambari ƙato a gaba, wanda ko daga bakin titi za ka hango. Na ce ai ko yaro ya ga ja ya san ja ne. Na yi niyyar gaya wa Malam Yohanna da safe ya gaya wa Baba. Da safen kuwa motar kaya ta iso daga Kano, hayaniya ta kaure, na manta.

Hantsi ya ɗaga, benci ya cika da dattawa uku, sai ga wata tsohuwa 'yar ƙauye ta shigo da lulluɓinta a jiƙe. Tun kafin ta gama sallama Baba ya amsa da fara'a, yana tambayarta jikoki. Ta ce jikarta ce ta haihu, gobe suna, yau za su yi cincin. Ta sayi fulawa da sukari, ta ce a ƙara mata hodar da ke sa shi laushi. Ina tsaye da buhu a kafaɗa, taku huɗu tsakanina da su. Na ga hannun Baba ya tafi baya yadda ya saba. Na ga ya sauka a kan gwangwani mai jan tambari. Ya buɗe, ya ɗebo cokali uku, ya naɗe, ya murɗe bakin takardar, yana ta ba'a da tsohuwar wai kada ta manta da rabonsa. Ranar mura yake yi, hancinsa a toshe.

Na sha tambayar kaina abin da ya riƙe mini baki. Kalma biyar ce fa: Baba, ba shi ba ne. Amma ban taɓa cewa "Baba" a gabansa da ƙarfi ba tun da aka haife ni. Ga dattawa a benci. A ce ɗan fari ya gyara wa ubansa ciniki a gaban mutane? Zuciyata ta shiga kawo mini hanzari: wataƙila ban gani daidai ba, wataƙila wani ya mayar da gwangwanayen tun da safe. Na ce bari ta fita na bi ta a baya na karɓe a asirce, ba wanda ya ji kunya. Tana sa ƙafa waje Baba ya ɗaga murya, "Yohanna, a ce da wancan, mai mota na jira, hadari na haɗowa, kada yadi ya jiƙe." Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, na juya na tafi sauke kaya. Na bi umarni. A lokacin har ina jin ni ɗa ne mai ladabi.

Sai da aka sauke motar tas na zagayo ta bayan kanta. Gwangwanin hodar fanke yana can sama inda na ajiye shi, ba a taɓa shi ba. Na buɗe na ƙasa. Cokalin Baba na ciki, a tsaye cikin guba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ruga tasha, aka ce a-kori-kurar Gwiwa ta tashi tun ɗazu. Ban san sunan matar ba, ban san ƙauyensu ba, ƙasar Gwiwa kuwa ba gida ɗaya ba ce. Na dawo na ja Malam Yohanna bayan buhunan sukari na gaya masa. Ya dafe kai da hannu biyu.

"Ka matsar da gwangwani? Kai, yaron nan, ka kashe mu! Ba ka san Maigida ba ya gani ba?"

"Ba ya gani kamar yaya?"

"Shekara biyu ke nan sai dishi-dishi. Da taku yake sanin kantin nan, da murya yake sanin mutane. Ni nake rufa masa asiri. Na ɗauka ka sani kana kawaici ne."

Ban sani ba. Kowa ya ɗauka kowa ya sani, kowa yana yi wa kowa kara. Malam Yohanna ya goge fuska ya je ya rusuna gefen Baba, ya ce cikin dabara, "Maigida, tsohuwar nan ta ɗazu mai suna, 'yar wane gari ce?" Baba ya ce, "Me ya haɗa ka da gidan mutane, Yohanna? Ko aure za ka ƙara?" Dattawa suka fashe da dariya. Ya sake gwadawa, Baba ya ɗaure fuska ya ce a bar shi ya ji da ciniki. Sai Malam Yohanna ya juyo ya dube ni, na gane. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na zo gaban kantar na durƙusa. Muryar da ta fito ban san tawa ba ce. Na ce, "Baba." Na ce, "Baba, jiya rufi ya yi yoyo, na sauya wa gwangwanaye wuri."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma ya isa. Na ga hannunsa ya koma baya a hankali, yana lalube. Ya ɗauko gwangwanin ya ɗora a cinya, yana shafa gabansa da tafin hannu, daidai kan jan tambarin da ba ya gani. Dattawan nan uku suna kallo. Ya buɗe ya kai hanci, ya ja da ƙarfi har sau biyu kafin warin ya ratsa murar. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai ranar. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce a hankali, "Alhaji, ashe idon..." sai ya haɗiye sauran. Asirin da ya yi shekara biyu yana riƙo, ni na kwance shi a bakin kasuwa. Duk da haka bai juyo gare ni ba. Ya fuskanci bango ya ce, "Iya Tabawa ce. A wuce Gwiwa, a bi hanyar da ta yi hagu bayan makabarta, a ƙetare ƙorama. Gida na ƙarshe, mai kuka a ƙofa. A ɗauki babur ɗin Yohanna. A yi sauri, don Allah a yi sauri."

Ban san yadda na fita daga duwatsun garin nan ba. Hanyar a lokacin ba kwalta, laka ce da ramuka, ruwa kuma ya sake tsugewa. Na faɗi sau biyu, gwiwata ta fashe ban ji ba. Duk gonar geron da na wuce, lissafin mutane nake: maijego, ungozoma, yaran gida, maƙwabta, don cincin ɗin suna ba wanda ake hanawa. Ina salati ina kuka, ina ce wa Allah in dai rai za a ɗauka a ɗauki nawa. Da na isa ƙoramar na tarar ta cika tana ambaliya. Na yar da babur ɗin a gindin wani gawo na faɗa ruwa, ya kawo mini har ƙirji, yana jan ƙafata. Na fita na kama gudu ba takalmi. La'asar ta yi. Tun kafin na hango kukar, iska ta kawo mini ƙamshin man gyaɗa a wuta.

Gidan matan aure ne, ba a shiga. Na shiga, ba sallama ba komai, ina ihu, "Kada a ci! Kada kowa ya ci!" Mata suka watse suna salati suna neman mayafi, sun ɗauka mahaukaci ne. A ƙarƙashin rumfa ga kasko a wuta, ga faranti guda an riga an kwashe yana shan iska, yara sun kewaye shi. Iya Tabawa na zaune da muciya a hannu tana gadi. Ashe tun da aka fara suya take bugun hannun duk wanda ya miƙo, wai ba mai taɓawa sai gobe baƙi sun zo. Jikokinta na ce mata marowaciya. To rowar tsohuwar nan ce ta tsaya tsakaninmu da makabarta. Na sure farantin na kife a tsakar gida, na kife ƙullun, na tuntsurar da kaskon. Sai na hango wata 'yar yarinya a bayan turmi, kumatunta a cike. Ta sato. Na cafke ta na zura yatsa a bakinta na ƙwaƙulo, tana cizona tana tsala ihu. Ta riga ta haɗiye wani.

Da na iya magana na gaya musu, gidan ya rikice. Aka ɗura wa yarinyar ruwan gishiri ta yi ta amai, uwarta na birgima a ƙasa. Muna cikin haka wani ya nuna tsakar gida. Kajin gidan sun taru a kan ƙullun da na zubar, biyu har sun fara layi suna faɗuwa. Kafin a kore su huɗu sun miƙe ƙafa. Iya Tabawa ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, Alhaji fa da hannunsa ya ƙunsa mini. Shekara talatin ina sayayya a wurinsa." Na ce, "Iya, ba laifinsa ba ne. Ni na zuba hodar a gwangwanin da ba nata ba." Ƙarya ce rabi, gaskiya rabi, kuma ita ce ta zaga ƙasar nan. Yarinyar ta yi kwana uku tsakanin rai da mutuwa a asibiti, Allah Ya tashi kafaɗunta. Ni kuwa na yi shekaru in na wuce ana nuna ni da baki, ɗan bokon da ya kusa gamawa da gida guda. Dattawan benci sun san gaskiya, amma har suka koma ga Allah ba wanda ya furta.

Washegari Baba ya zo kanti kamar kullum, amma bai zagaya bayan kanta ba. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu a waje, gefen benci. Mai ciniki na farko da ya zo ya durƙusa gabansa, sai Baba ya ce, "Yohanna, a nuna masa wancan." Shi ke nan. Haka aka naɗa ni. Ba taro, ba addu'a, ba nasiha. Ƙannena suka yi ta gunaguni, wai wanda ya yi ɓarna shi aka ba wa kanti, har ɗaya ya yi fushi ya koma Kano bai dawo ba sai da rasuwar Baba ta dawo da shi. Shekara shida Baba ya yi a kan buzun nan, yana sauraron kantinsa da kunne. Na yi ta jira ko wata rana zai ce a gaya wa wancan ya kyauta, ko a gaya masa ya ci mutuncina. Ko ɗaya bai aiko ba. Har yau ban sani ba ko ya tafi yana gode mini ne ko yana jin ciwona.

Na rantse a lokacin ba zan yi wa nawa ɗan farin haka ba. Na ce zan kira sunansa, zan zaunar da shi mu yi hira kamar abokai. Ina! Ranar da na gwada, na kasa furta sunan, shi ma ya sunkuyar da kai kamar na zage shi. Muka koma gidan jiya. Yanzu shi ke tafiyar da kantin, shi ya kawo gilashi da na'urori, mutum ne mai haƙuri da ladabi, kowa na yaba mini tarbiyyarsa. Magana tsakaninmu sai ta bakin ƙanwarsa, in ta zo gari. Malam Yohanna ya daɗe da rasuwa, ba a kuma sami wanda ya gaje shi ba.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Idona garau, har zare ina iya sa wa allura. Kan ne ke tafiya. Kwanaki na fito daga masallaci na tsaya a mararraba ban san ta ina kantin yake ba, kantin da na yi shekara sittin ina zuwa. Na yi kamar ina gyara takalmi har hanyar ta dawo mini. Mutum ya gaishe ni da fara'a, na amsa da fara'a, ban san ko wane ne ba. Baba ko da ya rasa ido, kansa na nan, shi ya sa ya iya cewa gida na ƙarshe mai kuka a ƙofa. Ni in aka tambaye ni, me zan ce?

Shekaranjiya wata mata ta zo kusurwata da goyo. Na tuna ta ce yaron ba ya jin daɗi, na tuna na ƙulla mata abu a leda, ta yi godiya ta tafi. Da na sunkuya na ga gwangwani biyu a buɗe a gabana, na kanwa da na sodar sabulu, wadda ko a fata ta zuba sai ta ƙone. Na yi na yi na tuna wanne na ɗiba, babu. Fuskar matar ma ta goge. Na ɗaga kai, sai ga ɗana tsaye a ƙarshen layin, da katan a hannu. Ya sunkuyar da kai. Ya ajiye katan ɗin a hankali, ya fita, ko hularsa bai ɗauka ba. Sai bayan azahar ya dawo, rigarsa jiƙe da gumi. Ya zo ya durƙusa nesa kaɗan ya ce wa yarinyar na'ura, "A yi wa Baba sannu da aiki." Ban tambayi inda ya je ba, bai faɗa ba. Sai jikina ya ba ni ba ranar ya fara irin wannan fitar ba.

Na yi niyya gobe in Allah Ya kai mu zan kira shi, da sunansa, a gaban kowa. Zan ce ya kwashe gwangwanayen nan, ya nemo mini wurin zama a waje, tun kafin wata rana ya bi wata mata ya rasa gidansu. Na maimaita maganar a raina har na haddace. Amma ɗazu da na gaya wa mai ɗakina, sai ta daina tankaɗen da take yi, ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Malam, ai makon jiya ma haka ka ce."